Begilar da Ba Ta Shiga Sabon Gida Ba

Jiya na jiƙa tsamiya zan dama kunu, ƙanshin ya bugi hancina, sai na tsinci kaina a tsakar gidanmu na Gobarau ina tsugunne gaban kakata. Kai in ka ji tsamiya kunu kake tunawa, ni kuwa begila nake tunawa.

Begilar kakana ce, mahaifin babana. Ɗan badujala ne a zamanin 'yan doka, shi ke busa masu ta tashi da ta fareti da ta sauke tuta. Da tsufa ya kama shi ya ajiye aiki sai aka bar mashi ita, don ta lotsa a gefe, an ce ba ta da kyan shiga layi. Shi ban san shi ba, ina rarrafe ya rasu. Begilar na sani. Tagulla ce, da jar igiya mai tuntu wadda ta koɗe, tana rataye a ƙusa a ɗakin Kaka, saman jeren tasoshinta.

Ranar Alhamis ake wanke ta, in hantsi ya ɗaga. Kaka za ta jiƙa tsamiya tun da safe har ta saki, ta tankaɗe tokar kara a rariya, ta kwaɓa su wuri guda. Da yatsu take shafawa, lungu-lungu, ta bar shi ya ɗan sha iska, sannan ta bi da tsohon ɗankwali. Yashi kuwa haramun. Ranar da na ɗebo yashi irin na wankin tukunya, ranƙwashin da na sha har yau in na taɓa wurin ina jin shi. Bakin busawar cire shi take yi, ta zura gashin kaza ta juya, ta ɗiga man gyaɗa kaɗan a mahaɗin. Daga nan ta ɗura ruwan ɗumi a ciki, ta girgiza, ta zubar. In ta gama, sai ka ga fuskarka a jiki, hanci ƙato, ido ƙanana.

Sai dai aikin bai ƙare ba. Dole a busa ta. Ruwa yana maƙalewa a lanƙwasar, kuma duk girgizar da za ka yi ba ya fita sai da numfashi. In aka bar shi, wata tsatsa koriya ce ke tsirowa ta ciki, ta yi ta ci har ta huda. Kaka ba haƙori, ba ƙirji, don haka babana ke busawa. Zai tsaya bakin zaure ya saki kira guda mai tsawo, tsaf, har tantabarun maƙwabta su tashi. Ubansa ya koya mashi tun yana ƙarami, kuma duk unguwar an san ya iya.

Ana nan sai kuɗin mai suka faso ƙasar. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Mutumin da jiya yake bisa keke, yau ga shi da mota. Ko'ina ka duba siminti, ko'ina kwanon rufi yana walƙiya, rediyo mai kaset a kafaɗar samari. Babana ya samu kwangilar gina azuzuwan firamare, ta haifi wata, waccan ma ta haifi wata. Ya tafi Makka ya dawo da haƙorin zinari, ya sayi fili wajen Ƙofar Marusa ya kafa gidan bulo. Ban yi mashi baƙin ciki ba, Allah ya sani, mun ci mun sha, mun sa sabbin kaya. Amma tun da ya fara zama da manyan 'yan kasuwa ya daina busa. Alhamis ta farko ya ce yana sauri. Ta biyu ya ce haƙorin ke mashi ciwo. Ta uku wucewarsa kawai ya yi. Na ji shi da kunnena yana faɗa wa wani baƙo wai mahaifinsa ma'aikacin hukuma ne. A wancan zamanin, ka ga, ba a bambanta mai begila da mai kalangu, duk sunansu mabusa da makaɗa, kuma masu kuɗi ba su ba ɗiyan mabusa auren ɗiyansu.

Kaka ta ci gaba da wankinta, tana kife begilar a inuwa ko ruwan zai tsane. Bai tsane ba. Damina ba ta fita ba sai da muka leƙa ciki muka ga kore-kore ya fara. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Da gidan ya kammala, babana ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "kai wannan". Ya ce, "Inna, an gyara maki ɗaki, har da fanka. Ki ɗauki duk abin da kike so, ban da wancan ƙarfen. Zan kai wa maƙera su narka maki munduwa."

Ta ce, "Kai wannan, da iskar da ta bi ta cikin ƙarfen nan aka yi maka wandon farko. Inda ba ta shiga, ni ma ba ni shiga."

Ya ɗauka rigimar tsufa ce, kwana biyu ta huce. Bai san uwarsa ba.

Aka sa ranar tashi, ta faɗo Alhamis. Motar kwasar kaya ta tsaya a bakin lungu, leburori na ta fita da gadaje da akwatuna. Abokan babana uku sun zo taya shi murna, suna tsaye da manyan riguna, turare na tashi. Kaka fa? Ta ɗauko tabarmarta, ta shimfiɗa a ƙofar gida, a waje, inda ba ta taɓa zama ba tun da aka kawo ta amarya. Ta ajiye ƙwaryar tsamiya da toka, ta hau wanki a gaban kowa, a natse, kamar ba ta ga mutane ba. Ta goge, ta ɗura ruwa, ta zubar. Sannan ta miƙo mani.

"Ƙawata, busa."

Ni ɗiya mace, ban fi shekara goma ba, ga baƙi, ga babana yana jifa ta da ido. Amma na ga koren nan da idona, kuma na ga daren da ba ta ci tuwo ba. Na cika kumatu na hura da iya ƙarfina. Wayyo! Abin da ya fito ko jakin da aka taka wa wutsiya ya fi shi daɗin ji. Leburori suka tuntsire da dariya. Na sake hurawa, ta sake yin gurnani, ruwa na feshi.

Sai na ji tsawar babana: "Ke! Ba haka ake yi ba! Wa ya ce maki ana kumbura kumatu? Matse leɓe za ki yi, iskar daga ciki take tasowa!"

Shi kansa sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Abokan suka dubi juna. Kaka ta karɓi begilar daga hannuna, ta miƙa mashi, ta ce, "To, Alhaji. Wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara."

Wallahi ya miƙo hannu. Na gani, yatsunsa sun kusa taɓa igiyar. Sai ya waiga ya dubi mutanen nan uku, ya maida hannun cikin aljihu, ya juya ya ce wa direba a tayar da mota. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin babana ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Kaka ba ta tashi daga tsohon gidan ba. Ni ma na ƙi, na riƙe zanenta ina kururuwa har aka gaji aka ƙyale ni. Babana bai gaza da mu ba, kullum abinci na zuwa, ya sa aka yi mana daɓen siminti, kowace safiya yana zuwa gaisuwa. Amma in ya shiga ɗakin, gefen ƙusar nan ba ya duba. Ni kuwa da gyaran nan guda da ya suɓuce mashi na koyi busa. Na matse leɓe, na yi ta fama, maƙwabta na cewa jikar tsohuwa ta haukace, har ranar da kira ya fito tsaf. Koren ya tsaya inda ya tsaya. Kaka ta rasu a ɗakinta, ba ta taɓa kwana ƙarƙashin fankar nan ba.

Yanzu manyan duk sun tafi, har babana. Gidan Gobarau an rushe shi an yi shaguna. Ɗiyan ƙannena sun taso da wani labari daban, har akwai mai cewa kakanmu malamin zaure ne, da ɗalibai. Ni kuwa duk taron suna, duk ɗaurin aure, in aka fara wannan zancen sai in gyara zama in ce a'a, mabushi ne, ɗan badujala, kuma begilarsa na ɗakina ga mai son gani. Shi ya sa yanzu in surukai za su zo ake kai ni can ƙuryar ɗaki a cika mani gaba da nama. Kwanaki wani daga cikin yaran, mai baki, ya ce mani, "Gwaggo, ki dai yi ta yi. Ranar da ba ki, mun san inda za mu kai ta."

Na ce mashi ya yi gaskiya, ranar da ba ni sai yadda suka ga dama. Amma ya koma ya faɗa wa iyayensa na auna numfashina da safen nan, kuma da saura.