Kawu Tanko da Tsagar Ɗakin Yara

Duk wanda ya san Kawu Tanko ya san bango yake fara gaisarwa kafin mutane. Zai yi sallama daga zaure, a amsa, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, shi kuwa yana can ya manna kunne a jikin gini yana ƙwanƙwasawa da wata 'yar guduma da ba ta rabuwa da aljihunsa. Sai ya zagaye ɗakin kaf sannan ya juyo ya ce, "To, Hajara, su dai sun ce lafiya suka kwana. Ku fa?"

Tun ranar sadakar arba'in ɗinsa 'yan'uwa ke cewa in rubuta abin da na sani, tunda ni ce ya fi takura wa a ƙarshen rayuwarsa. Ga waɗanda suka shigo dangi daga baya, Kawu ƙanin mahaifiyata ne, manomin masara da dawa a Tsiga. Bai taɓa zama magini ba. Tsoron gini kawai yake yi, irin tsoron da wasu ke yi wa maciji. Maganarsa kullum ita ce gini ba ya faɗuwa sai ya yi sallama, mutane ne ba sa amsawa.

A masallaci sahun ƙarshe yake tsayawa, dab da ƙofa. Liman ya taɓa tsokanarsa da falalar sahun farko, sai ya ce ladan sahun farko ya san shi, amma azarar da ke saman kan liman bai san halinta ba. Da aka kai shi asibiti a Funtua aka ce likita yana saman bene, ya zauna a gindin mangwaro ya ce sai dai likitan ya sauko, don ko a maƙabarta ba a jera mutane wani a kan wani. Kuma likitan ya sauko, wai don ya ga wane ne wannan.

Da Allah ya hore wa maigidana, Malam Sani, muka gina ɗan gidanmu a bayan garin Funtua: ɗaki uku, bulo da siminti, rufin kwano. Wanda ya yi aikin sunansa Lawal, amma in ba ka ce masa Injiniya ba ba ya juyowa. Ranar da ya miƙa makullai ya ba mu takarda, ya ce garanti ce ta shekara ɗaya: in bango ya tsage ko rufi ya yi yoyo, shi zai gyara. Ni da Malam muka yi ta godiya. Kawu kuwa ya ce in karanto masa, tunda na yi sakandare, kuma in fassara a hankali. Sau uku na karanta. A ƙasan takardar an rubuta cewa in masu gida suka dasa itace kusa da bango, ko suka riƙa zubar da ruwa a gindinsa, ko suka bar magudanar ruwa ta toshe, to babu ruwan magini.

Kawu ya ɗaga yatsu uku ya ce, "Kin ji ko? Mutumin nan ya bar wa kansa ƙofa uku ta gudu. Mu toshe su."

Ashe ni za a toshe. Zogalen da na dasa a bayan ɗaki, ina lallaɓa shi kamar jinjiri, na dawo daga barka na tarar Kawu ya tumɓuke shi, ya zage ganyen a faranti, wai in yi kwaɗo kada a yi asara. Wurin wanke-wankena ya mayar da shi can kusa da ƙofar gida, inda duk mai wucewa sai ya ga tukwanena. Ko ruwan alwala na zubar kusa da bango, in ya zo sai ya duƙa ya taɓa ƙasar ya kalle ni, kallon da ya fi faɗa ciwo. Kowace Asabar sai ya hau babur ta hanyar Bakori ya zo, tsoho ya haura saba'in, ya jingina tsani ya hau yana kwashe ganye da leda daga indararo. Na ce masa mutumin da ba ya hawa bene ina shi ina tsani. Ya ce tsanin ya san wanda ya haɗa shi, shi ne.

Muna dariya muna ƙorafi har aka shiga wata na goma sha ɗaya da karɓar makullai, damina ta kankama. Wata Asabar yana ƙwanƙwasa bangon ɗakin yara, inda Ummi da Abba ke kwana, sai na ji gudumar ta tsaya. Na leƙa. Wata siririyar tsaga ce, ba ta fi zare ba, ta taso daga kusurwa ta bi ta saman gadon Ummi. Ya sa na kawo masa ƙullun koko, ya yago takarda daga tsohon littafin yara, ya shafa, ya manna ta a gicciye a kan tsagar. Ya ce tsaga iri biyu ce, akwai matacciya, akwai mai rai. Matacciya ba ta motsi. Mai rai kuwa takardar nan za ta faɗa mana.

Bayan kwana uku na leƙa na tarar takardar ta rabe biyu.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na tsaya ina kallon filon Ummi, ina ta maimaita Innalillahi. A ranar na kwashe shimfiɗar yaran na mayar ɗakina. Malam ya yi dariya ya ce cutar Kawu ta kama ni, sabon gini ai dole ya ɗan yi miƙa. Ni dai tun daga lokacin in hadari ya haɗo daga gabas sai in ƙirga yarana da ido, in sake ƙirgawa, su biyu kacal amma sai na ƙirga.

Malam ya kira Injiniya a waya. Ya ce fulasta ce kawai ta ja, zai zo mako mai zuwa. Mako ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. Kawu ya lissafa da yatsu ya ce saura wata ɗaya da 'yan kwanaki takardar ta mutu, kuma abin da mutumin ke jira ke nan. Ya bincika ya ji Injiniya yana wani aiki a Kafur. Ya hau babur ya je, ya samu bulo ɗaya ya zauna a bakin aikin. Bai zagi kowa ba, bai ɗaga murya ba. Duk wanda ya zo wucewa ya gaishe shi, har mai gidan da ake ginawa, sai ya amsa da fara'a ya ce yana jiran Injiniya ne, suna da 'yar tsaga tare. Kwana uku yana wannan zaman. A na huɗu sai ga Injiniya a ƙofar gidanmu bayan azahar, fuska a murtuke, ga hadari ya yi baƙi ƙirin.

Ya shiga ya kalli tsagar, ya goga mata yatsa, ya ce ai ya faɗa, fulasta ce, in damina ta wuce zai aiko a shafe. Kawu ya ce madalla. Sai ya ba shi labarin al'adar da ya gani wurin wani tsohon amininsa Bamaguje a ƙauyen Tsiga: a wajensu, wanda ya yi rufin ɗaki shi ke zama a ciki ranar ruwan farko, masu ɗaki suna waje, don bakin magini yana iya ƙarya amma bayansa ba ya yi. Ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa daidai inda gadon Ummi yake a da, ya ce in damo wa baƙo fura.

"Tunda fulasta ce, Injiniya, bismillah. Ka sha furarka, ruwa ya ɗauke, mu sa hannu a takarda cewa mu ne matsorata."

Girman kai ya hana bawan Allahn nan ƙi. Ya cire takalmi ya zauna, ya karɓi kwano da ludayi. Kawu ya koma tsakar gida ya tsaya da lema. Ni ina bakin madafa na rungume yarana. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ƙarar kwano ta hana mu jin juna. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Ni ban ji komai ba. Kawu ne ya ji. Na ga ya karkata kai kamar yadda yake yi a jikin bango, sai ya yar da lemar. Mutumin da tun da na san shi bai taɓa zama nesa da ƙofa ba, shi ne ya faɗa ɗakin nan da gudu, ya cakumo wuyan rigar Injiniya ya fizgo shi waje, suka zube tare a cikin taɓo. Ba su gama tashi ba muka ji rugugi. Bulo uku na saman kusurwar suka zubo a kan tabarmar, suka lotsa kwanon furar.

Injiniya yana zaune a taɓo, ba hula ba takalmi, ludayi har lokacin yana hannunsa. Da ya samu bakin magana sai ya ce, "Baba, wannan ba fulasta ba ce."

Kawu ya ce, "Au, haba?"

Washegari da aka haƙa gindin kusurwar, aka tarar tsohon rami ne da aka cike da shara, aka ɗora harsashin gini a kai. Injiniya ya zagaya gidan yana neman ƙofofinsa uku: ba itace, ba danshin wanke-wanke, magudana tas kamar an lashe. Ya rushe ɓangaren ya sake shi tun daga ƙasa, ya zuba rodi, bai yi musu ko sau ɗaya ba. Malam kuwa har yau in aka tayar da zancen sai ya tuna yana da uzuri a waje.

Amma abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne abin da ya biyo bayan rugugin. Da ruwa ya tsagaita na kai wa Kawu shayi a zaure, ya karɓa ya ajiye kofin gefe bai kurɓa ba. Ya riga ya nemi gafarar Injiniya sau biyu, yana cewa bai zaci za ta yi saurin haka ba, da bai zaunar da ɗan mutane a wurin ba. Na ce ai komai ya wuce. Sai ya ce kafin a haife ni yana da mata, Kande, da jaririya 'yar wata biyar, a wani soron ƙasa a Tsiga. Manyanmu sun sani, ba sa dai faɗa.

Ya ce, "Da safe zan tafi gona na ga tsagar, Hajara. Na gan ta da idona. Na ce in na dawo."

Ruwa ya sauko da la'asar, yana gona. Soron ya rufta da su.

Shekara da shekaru muna yi masa dariya, yana taya mu.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya aiko mini da gudumar a ƙunshe cikin tsumma, da saƙon cewa indararon baya yana tara ganye, kada in jira Asabar. Tana nan a kan tagar madafa. In kun zo gidana kuka ga na manna kunne a bango kafin in kawo muku ruwa, ku yi haƙuri, gado ne.

Ya Allah, bawanka Tanko ya rayu yana tsoron rufi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka cire masa tsoro. Ka sada shi da Kande da 'yarsu a gidan da ba ya tsagewa, inda zai shige can ƙurya ya miƙe ƙafa ya huta. Amin.