Ƙaho Shida a Bayan Ragab

Ragab mai guga shekara ashirin muna katanga ɗaya da shi a Mansura ta ƙasar Masar, ban taɓa ganin ya haɗiyi ƙwayar asibiti ba. Mutum ne mai taurin kan tsiya da son 'yan uwa. Duk wata idan tsayuwar guga ta riƙe masa baya, wajen Amm Tulba wanzami yake zuwa a sa masa ƙaho, ya dawo yana fito.

Da ciwon dajin jini ya kama ƙanwarsa Nagat, aka gwada su bakwai 'yan ɗaki ɗaya, jininsa kaɗai ya dace da nata. Har shayi ya saya wa layinmu ranar.

Likita ta yi masa bayani dalla-dalla. Kwana biyar za a yi masa allura don ƙwayoyin da ke haifar jini su fito daga ɓargo. Ranar Talata a sa masa allura a hannu biyu, na'ura ta tace ƙwayoyin, jinin ya koma jikinsa. Ita kuwa Nagat a waɗannan kwanakin za a kashe nata ɓargon da magani, ta zauna ba ta da komai sai jiran nasa.

"Ƙashinka zai yi ciwo," in ji likita. "Ka daure. Kada ka sha maganin da ba mu ba ka ba."

Ya riƙe wannan. Ko aspirin bai taɓa ba. A wajensa ƙaho ba magani ba ne, kamar aski ne.

Ranar Lahadi ciwo ya lanƙwasa shi, ya lallaɓa shagon Amm Tulba.

"Kai, ƙaton banza, allura ce ta mai da kai haka?" in ji tsohon. "Kwanta in cire maka mataccen jini. Ai gara ka kai wa 'yar uwarka mai tsabta."

Wannan maganar ce ta shige shi. Ƙaho shida aka sa masa.

Talata ya isa asibiti jiki rau da zazzaɓi, tsaga biyu sun yi ruwa. Likita ta ɗaga rigarsa, ta ga bayansa, ta dakatar da aikin. Jini mai cuta ba ya shiga jikin da ba shi da garkuwa ko kaɗan. Aka ɗage kwana shida. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ni na raka shi shagon, na riƙe masa riga.

Da ya warke ya yi awa biyar a kan na'urar bai motsa ba, aka sami jaka guda ta ƙwayoyin. Amma zazzaɓi ya riga ya kama Nagat, aka daskarar da jakar sai ta farfaɗo. Kwana biyu bayan nan ta cika.

Shekara huɗu ke nan. Duk shekara asibiti na kiransa ya sa hannu a zubar da jakar. Yana zuwa, da rigarsa a goge, ya karanta takardar har ƙasa, ya mayar musu.

"Ba tawa ba ce," yake ce musu. "Ta Nagat ce. Ni ba ni da ikon zubar mata da kaya."