Ganuwar Kan Dutsenmu

A garinmu sunana mai taurin kai, kuma ban taɓa musu ba. Tun ranar da na hana gayyar yayana aka laƙaba mini shi.

Likitancin dabbobi na je karanta a Bulgariya ina saurayi. Wani hutu aka kwashe mu ɗalibai zuwa wani tsauni, mu taya masu haƙar kayan tarihi aiki. A kansa akwai kufan wani birni na zamanin sarakunansu na dā, kogi ya kewaye shi, ganuwar dutse ta bi bakin tsaunin. Duk inda ka juya sai tushen coci, wani ko ɗakin kakata bai kai girma ba. A bangon ɗaya har lokacin ana ganin zanen fuskar wani waliyyinsu, rabi ya goge. Ni Musulmi aka miƙa mini ɗan cokalin magina da buroshi, na durƙusa ina share daɓen coci, abokaina suna ta tsokanata wai in na koma gida sai na sake kalmar shahada.

Shugabar aikin wata dattijuwa ce mai faɗan tsiya. Ba a ɗaga tsingaro sai an auna inda yake an zana, ƙasar da aka kwasa kuma sai ta bi ta rariya. Na ɗauka ɓata lokaci ne, har ranar da ta ja mu ƙauyen gindin tsaunin ta nuna mana garken awakin wani tsoho. A jikin katangar da ta kewaye awakin akwai dutse mai sassaƙa, an dasa shi a kife. Bayan birnin ya faɗa hannun Turkawa aka watse, sai mutanen ƙasa suka riƙa hawa suna ɗibar duwatsu. Ta ce wannan daga wani coci ya fito, amma wanne, babu mai iya faɗa har abada.

Nan take dutsen bayan gonarmu ya faɗo mini a rai, can ƙauyenmu a ƙasar Kontagora. Kakata Bakambara ce, ta sha gaya mini a can sama mutanenta suka zauna lokacin yaƙe-yaƙe. Akwai ganuwar duwatsu da aka jera ba laka, da zagayen ɗakuna, da ramukan niƙa a jikin fa. Muna yara muna wasa a ciki, amma a gida ba a son zancen. Wai kufan arna ne.

Shekaru suka shuɗe, na yi aiki na yi ritaya, mahaifinmu ya rasu ba a raba gado ba. Wata safiya aka kira ni a waya: yayana ya kira gayya za a sauko da duwatsun ganuwa a zuba harsashin sabon masallaci. Wanda ya san gayya ya san ba a tsayar da ita. An yanka akuya, mata sun ɗora tukwanen tuwo, majiya ƙarfin gari sun bar gonakinsu saboda mutuncin gidanmu. Wanda ya mayar da su ya zubar da girman gidansu a bainar jama'a.

Na hau babur. Kafin in isa sun rushe gefen gabas, sun yi layi daga sama har ƙasa suna miƙa wa juna dutse hannu da hannu. Na haura ina haki, na sami inda za su taɓa a gaba na zauna a kai.

Yaya ya zo gumi na zuba masa. Ya ce, "Lafiyarka kuwa? Tashi mutane su yi aiki."

Na ce, "Yaya, ba zan tashi ba. Ga duwatsu can fal a rafi, ni zan fara ɗauka."

"Rafi da nisa. Waɗannan an riga an fasa, ɗakin Allah za a gina da su. Ko cocin da ka share a ƙasar Turawa ne ya bi ka gida?"

Aka bushe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a sahu ɗaya muke salla da shi tun muna yara. Na ce, "Ni ma zan yi salla a masallacin nan. Amma uwar ubanmu daga nan ta fito. Na ga inda aka yi irin wannan, jikokinsu suna bin garken awaki suna neman tarihinsu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

Wani dattijo ya ce ba a ƙin ta mutane. Na ce yau an ƙi. Babu mai iya ɗaga mai furfura daga kan dutse, sai layin ya fara tsinkewa, wasu suka sauka wajen tuwo, wasu suka kama hanyar gida. Na ga idon Yaya ya kaɗa ya yi ja, kuma na san kunyar da na ja masa ba ƙarama ba ce. Har yau tana damuna.

Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Tunda dutse kake so, ga shaidu. In an zo rabo, dutsen ne rabonka. Fadama kuwa ko taki ɗaya."

Ya zaci zan ja da baya, domin fadamar nan ita ke ciyar da gidanmu tun kaka da kakanni, dutsen kuwa ko gujiya ba ya yi. Na dubi abin da ya rage na ganuwar, na dubi dattawan.

Na ce, "Ku shaida, na karɓa."

Matata ta yi mako ba ta yi mini magana ba. Yaya kuwa sai gaisuwar Musulunci. Duk kaka ina ganin amalanke na wucewa da buhunan shinkafar fadamar ubana, ni kuwa a kasuwa nake auno tawa. Amma tun daga ranar ko tsakuwa ba a sake saukowa da ita daga kan dutsen ba, kuma muddin ina numfashi ba za a sauko da ita ba.