Sikelin Mahauci da 'Yan Biyuna

Tun ina budurwa nake sayen littattafan soyayya wurin wani tsoho da ke kawo su daga Yola, yana baza su a tabarma a bakin babbar kasuwar Garwa. A cikinsu in mace ta haihu, miji yakan shigo da kwalbar turare, ya tsaya yana kallonta har idonsa ya kawo ruwa. Ni da na haifi 'yan biyu mata, cikin bai ma cika wata tara ba, mijina ya shigo asibiti da jini a gefen rigarsa, don daga mahauta aka kira shi. Ya dubi ta farko, ya dubi ta biyu, ya ce, "Wannan ba ta kai waccan ba." Idon mahauci gare shi, bai ma san ya ɓata mini rai ba.

Gaskiya kuwa ya faɗa. Babbar ta zo da kuka mai ƙarfi. Ƙaramar kuwa, zoben aurena zai iya shiga yatsunta biyu. Nonona bai ishe su ba, sai aka haɗa musu da madarar gwangwani a bibiron, wato kwalbar shayar da jarirai. Nas ɗin da ke duba mu, wata Kirista 'yar garin Poli mai Hausar kasuwa, ta rubuta mini a karne, ɗan littafin nan na asibiti: babbar duk awa uku, ƙaramar duk awa biyu, kaɗan-kaɗan, ko barci take a tashe ta.

"Cikinta ƙarami ne, madam," in ji ta. "Tana gajiya kafin ta ƙoshi."

Surukata, wadda nake kira Inna, ta zo daga Mindif don ta yi mini zaman jego. Da na karanta mata abin da ke karnen, sai ta girgiza kai.

"Ba a bambanta 'yan biyu. Abin da kika sa wa wannan a baki, ki sa wa waccan a lokacin. In ɗaya ta ga an fifita 'yar'uwarta, fushi za ta yi ta koma inda ta fito."

Ban iya musa mata ba. Ita ma ta taɓa haifar 'yan biyu kafin mijina, ɗaya bai yi arba'in ba, kuma har yau tana cewa don takan riga ɗaukar ɗan'uwansa ne.

Sai muka gwada ba su tare duk awa biyu. Babbar ta riƙa amai har ta hanci. Muka koma awa uku. Babbar ta shanye nata tas, ƙaramar ta ɗan tsotsa ta yi barci da bibiron a baki. Inna tana murna wai ga su a jere, kai ɗaya.

Ranar Alhamis muka je awo. Nas ta ɗora ƙaramar, ta duba karne, ta sake ɗora ta.

"Ba ta ƙaru ba. In Alhamis mai zuwa haka na gani, zan kwantar da ku, ke da ita. Babbar kuwa ba za ta zauna cikin jarirai marasa lafiya ba, gida za ta tsaya."

Rabuwar da Inna ke tsoro ita ce ta tunkaro mu. Na dawo cikin zafin nan na Garwa da ke sa kwalta laushi, na zauna ƙarƙashin darbejiya ina kuka. Mijina ya dawo bayan azahar, na gaya masa. Na zaci zai kama hannuna ya faɗi wata magana mai sanyi. Sai kawai ya hau babur ɗinsa ya fita. A raina na ce masu rubuta littattafai ba su taɓa auren mahauci ba.

Kafin la'asar sai ga shi da sikelinsa na kasuwa, mai faranti biyu, ɗaure a bayan babur. Ya tsuguna bakin rijiya ya wanke shi da toka da lemun tsami har sau uku. Ya ɗora tire iri ɗaya a kowane gefe, ya shimfiɗa zane.

"Kai, nama ka mai da mini jikoki?" in ji Inna.

"Inna, ke kika ce a daidaita su. Zo ki gani ko daidai suke."

Ya kwantar da su a hankali, ni ina tallafe da kawunansu. Gefen babbar ya sauka ƙasa, na ƙaramar ya tsaya a sama. Ya ɗauko ƙarfen awo na rabin kilo ya ajiye kusa da ƙafar ƙaramar, sannan farantan suka zo kai ɗaya.

"Wannan ƙarfen shi ne abin da take bin 'yar'uwarta a baya. Ni in na kasa nama biyu bai zo daidai ba, ba dukansu nake ƙara wa ba. Wanda ya gaza nake ƙara wa."

Inna ta ɗauki ƙarfen ta jinjina shi a tafinta. Can ta ce, "Uwar biyu, awa nawa ma matar nan ta ce?"

Daga ranar ita ta karɓi aikin. Ba ta karanta agogo, sai ta sa na riƙa gaya mata lokaci yini guda, tana zana gawayi a inda inuwar katanga ta tsaya. Kashegari ba ta ƙara tambayata ba. Da inuwa ta taɓa zane za ka ji ta: "A tafasa bibiron." Da dare kuma wayata ce ke tashe mu. In ƙaramar ta fara lumshe ido, Inna ta sosa mata tafin ƙafa har ta ci gaba da tsotsa. Amma kafin a ba ta, sai Inna ta sunkuya kan babbar, ta ɗiga mata ɗigo ɗaya a leɓe, ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ba son kai ba ne, so muke ta cim miki." Babbar ta lashe ta ci gaba da barcinta, ko a jikinta.

Alhamis ta zagayo. Inna ta ce da ita za a je, ta goya babbar, na rungumi ƙaramar. Nas ta ɗora ta, ni kuwa na kasa kallon sikelin, sai fuskar nas ɗin nake kallo. Ta rubuta wani abu, ta rufe karnen.

"Ku tafi gida da kayanku. Amma awa biyun nan, kada a sassauta."

"Wa zai sassauta?" in ji Inna. "Ina nan."

Da yamma mijina ya sake fito da sikelinsa. Rabin kilon ya yi yawa, gefen ƙaramar ne ya sauka. Ya laluba aljihu ya sa ƙarfen da bai kai shi ba, ya ce saura kaɗan. Ƙarfen rabin kilon kuwa na ɗauke shi na sa a akwatina, kan littattafan. Da safe ya yi ta nemansa zai tafi kasuwa, na ce masa ya sayi wani.