Ranar Da Na Katse Wa Ba Kiari Kiɗansa

Kafin in zama ɓarawo, ɗan kabu-kabu ne ni a cikin garin Diffa. Mahaifina manomin tattasai ne a bakin kogin Kumadugu, mutumin da ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba. Ni kuwa tun ina ƙarami na tsani rana, na ce ba zan ƙare rayuwata a durƙushe ina ban ruwa ba. Na shigo gari na samu babur, ina ci ina sha, har ina aika wa tsohuwata sabulu da sukari. Da tashin hankali ya zo aka hana hawan babur, sai muka wayi gari ba sana'a. Ban faɗi haka don in wanke kaina ba. Abokan aikina wasu sun koma turin baro, wasu dako a kasuwar tattasai, ga su nan har yau da mutuncinsu. Ni na zaɓi zaman fada, wato majalisar samari ta bakin titi, da shan shayi.

A fadar nan na haɗu da wani da ake ce wa Santsi. Kullum fes yake, kullum da sabuwar salula, wato wayar hannu, ba wanda ya san aikinsa kuma ba wanda ya tambaya. Da farko cewa yake yi, "Riƙe mini wannan zuwa gobe." Daga nan sai, "Kai wa mai gyara ya goge abin da ke ciki." Daga nan sai na zama mai tsayawa a bayansa in tare idon mutane. Ban san ranar da hannuna ya fara shiga aljihun wani da kansa ba.

Wata rana Santsi ya ce mini kasuwa wahala ce kawai, kowa dafe yake da aljihunsa. Ya ce, "Gobe zan kai ka inda mutum ke mantawa ma yana da aljihu." Wurin wasan Gauraki ya kai ni.

Ku yaran yanzu wataƙila sunan kawai kuka ji. Gauraki ƙungiyar makaɗa ce ta zamanin samartakar iyayenmu, masu jitar lantarki da ganguna irin na bature. A tsofaffin hotuna za ka gan su da gashi tuli guda da wando mai faɗin ƙafa. Sun daɗe da watsewa, wani ya koma tela, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, har ya yi ritaya, wasu sun rasu. Da gari ya ɗan lafa sai aka roƙe su suka sake haɗuwa, suna wasa a filin gidan matasa. Bayan la'asar ake farawa, kuma dole a tashi kafin magariba saboda dokar hana fita. A bakin ƙofa ana lalube kowa tun daga hula har takalmi. Amma mai shiga ake lalubewa, mai fita ba a ko kallonsa, shi ya sa Santsi yake son wurin.

Da na gan su dariya ta kama ni. Tsofaffi ne tukuf. Mai ganguna sai da aka riƙe masa hannu ya hau dandali. Shugabansu, Ba Kiari, siriri ne kamar sanda, gemu fari fat, tabarau ɗaure da zare, jitarsa ja duk fentin ya ɓanɓare. Na ce wa Santsi, "Waɗannan ai gara a kawo musu tabarma da kunu."

Ban rufe baki ba Ba Kiari ya sauke hannu a kan jitar nan.

La'ilaha illallahu! Ban ji ta a kunne ba, a ƙirji na ji ta. Ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashin takalmina. Tsohon da aka riƙe wa hannu ya shiga dukan ganguna kamar ya samu wanda ya yi masa laifi. Jitar ta yi gurnani, ta yi kuka, ta hau sama har na ce yanzu tsirkiya za ta tsinke, sai ta sauko a hankali tana lallashi. Tsigar jikina ta tashi. Na ga wani alhaji mai babbar riga ya jefar da sandarsa ya miƙe, na ga tsofaffin mata da suka baro garuruwansu a tsallaken kogi suna hawaye suna dariya lokaci guda. Santsi ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Kai, aiki ka zo ko kallo?"

Ga yadda aikin yake. Gauraki suna da wata doguwar waƙa da suke rufe wasa da ita, sunanta Ruwa Ya Dawo, a kan yadda Kumadugu ke bushewa har yara su buga ƙwallo a cikinsa, sannan wata safiya a ga ruwa ya taho. Rabinta Barbarci ne, rabi Hausa. Da an ɗauko ta kowa zai miƙe. Matasa su ɗaga salula suna ɗauka, waɗannan ba ruwanmu da su. Manya su ne namu: hannuwa sama, ido a rufe, aljihun gefe a buɗe, jakar hannu tana lilo. Doka biyu Santsi ya kafa mini. Ta farko, kowace salula ka zaro, kashe ta kafin ka taɓa ta gaba. Ta biyu, akwai wurin da Ba Kiari yake sunkuyawa ya kai kunnensa dab da jita, to da ka ga haka, ka nufi ƙofa, ka hau abin hawa ka ɓace, domin in waƙa ta ƙare hannuwa za su sauko.

Haka na yi ta yi. Duk inda aka ce Gauraki za su yi wasa, ina layin farko na masu shiga. Na haddace waƙoƙinsu kaf, na san inda mai ganguna yake tari, na san inda Ba Kiari yake ɗaga gira. Santsi ya tsallaka iyaka bai sake dawowa ba, ni na ci gaba ni kaɗai. Ina gaya wa kaina abinci ke kai ni, alhali tun asuba nake wanke rigata ina ta murna kamar yaron da za a kai biki. Abu ɗaya ne yake ci mini rai: ban taɓa jin ƙarshen Ruwa Ya Dawo ba. Wadda ake sawa a rediyo guntuwa ce, tun kafin sunkuyawar take yankewa. Kullum a daidai inda kiɗa ya fi daɗi nake juya baya in fita, aljihu cike, zuciya tana can cikin fili.

Sai aka yi shela cewa Ba Kiari zai yi wasan bankwana. Hannunsa ya fara rawa, ya ce gara ya ajiye jita da kansa kafin ta faɗi. Ranar nan garin Diffa kamar an kwashe shi an zuba a fili ɗaya. Daga Assaga an zo, daga Tumur an zo, har kan katanga mutane ne. Na yi niyyar ba zan taɓa kowa ba. Wallahi na yi niyya. Amma da aka ɗauko waƙar, hannuwa suka yi sama, hannuna ya tafi inda ya saba. Na zaro ta wani dattijo na kashe. Na zaro wata ƴar ƙarama daga jakar wata tsohuwa mai baƙin mayafi. Yatsana yana kan maɓalli ke nan jitar ta yi wani irin kira da ban taɓa ji ba, na ɗaga kai, na jefa salular a aljihu ban kashe ba.

Ba Kiari ya sunkuya. Ƙafata ta juya wajen ƙofa da kanta, na tsayar da ita. Na ce yau ko me zai faru sai na ji.

Abin da na ji bayan sunkuyawar nan, bakina ya yi kaɗan ya faɗa. Ya bar waƙar da muka sani ya shiga wata hanya, a hankali, tsirkiya ɗaya ɗaya, kamar ruwan farko yana laluben hanya a cikin rairayi. Ganguna suka bi shi ƙasa ƙasa. Rana ta yi ja a kan gemunsa. Tsoho ne mai rawar hannu, amma a lokacin nan na rantse da za a ce ya kira kogi da suna, da ya amsa. Ban san na ɗaga hannuwana ba, ban san na rufe ido ba. Hawaye na ji a bakina.

Sai komai ya tsaya cak. Jita, ganguna, mutane, duka. Ashe a nan kullum suke yin shiru saboda ƴan ƙungiyar da suka rasu, kowa kuma ya tuna nasa mamatan, sannan Ba Kiari ya ɗauko ƙarshe. Duk wanda ke filin ya san da shirun nan ban da ni, domin ni kaɗai ne ban taɓa tsayawa ba. Jama'a maƙil, amma kana jin kukan tsuntsu a kan bishiya.

A cikin wannan shirun aljihuna ya kama ƙara.

Tsohuwar tana gabana. Ta waiwayo ta ce, "Salulata ce! Ɗiyata ce ke kirana!" Ni kuwa hannuwana suna sama, ko saukewa ban samu yi ba. Wani ya ce ɓarawo, fili ya ɗauka. Dukan da na sha ranar, ko jaki ba a yi wa irinsa. Ina ƙasa ana tattaka ni na ji muryar Ba Kiari ta lasifika, da Barbarci da Hausa: "Don girman Allah ku bar shi! Kar ku kashe ɗan mutane a wasana!" Bai daina roƙo ba har ƴan sanda suka ratsa suka ja ni. Kafin ƙura ta lafa an kira magariba, aka kashe injin wuta, kowa ya kama hanyar gida. Ba a ƙarasa waƙar ba.

A kwamisariya, ofishin ƴan sanda, aka zazzage aljihuna. Alƙali bai sha wahala da ni ba, ni ma ban yi musu ba. Gidan kaso kuwa, kada Allah ya nuna muku: zafi, kuɗin cizo, ƙaiƙayi, ka kwanta ƙafar wani a bakinka. Tsohuwata ta zo da garin tattasai da ƙuli-ƙuli, ta kasa kallon fuskata. Mahaifina bai taka ba ko sau ɗaya. Amma abin da ya fi ƙona ni, duk sabon fursunan da aka kawo sai ya ƙura mini ido ya ce, "Af, kai ne na wasan Gauraki!" Matasan da suka ɗaga salula ranar sun ɗauki komai, hoton ya zaga gari. Akwai wani dattijo da aka rufe kan rikicin gona, ya ƙi cin abinci kwano ɗaya da ni. Ya ce, "Ɓarayi na gani da yawa, amma kai gari guda ka yi wa sata."

Da aka sallame ni na koma bakin kogi na durƙusa gaban mahaifina. Fartanya ya miƙo mini. Yau ban ruwan da na raina shi ke ciyar da ni, kuma ina barci ba na jin tsoron sallama. Na nemi tsohuwar nan mai salula a Assaga na roƙi gafara, ta yafe. Wuri ɗaya ya rage, gidan Ba Kiari, na yi ta ɗaga zuwansa har tattasai ya nuna.

Na same shi a zaure kan katifa, an jingina shi da bango. Ashe ina kaso ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Na gaishe shi na faɗi ko ni wane ne. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan rabin bakinsa ya yi murmushi.

"Kai ne mai salula? To yau ka kashe ta kafin ka shigo?"

Na fashe da kuka. Ya ce, "Haba ɗana, tashi. Ni na yafe tun ranar. Da sun kashe ka, ai da shi ne ba zan yafe wa kaina ba."

Da na samu natsuwa na ce, "Baba, abu ɗaya zan roƙa. Me ke zuwa bayan shirun nan? Ban taɓa ji ba."

Ya ce bai taɓa kaɗa ƙarshen nan iri ɗaya sau biyu ba, abin da ya zo masa a ranar shi yake bayarwa. Amma na bankwana daban ne, ya daɗe yana shirya shi shi kaɗai a ɗaki, ko mai ganguna bai ji ba. "Da baki ba ya faɗuwa," ya ce. "A nan yake." Ya kai hannun dama ya ɗago na hagu ya ɗora a kan bargo. Muka zuba wa yatsun ido, ni da shi. Ya cije leɓe, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ɗan yatsa ɗaya ne ya ɗan motsa, shi ma ya kwanta.

Ƙannena, ku ji ni da kyau. Lokacin da nake sata ina ce wa kaina salula ce kawai, mai ita zai sayi wata. Ƙarya ce. Ba ka taɓa sanin abin da ke haɗe da kayan da ka zaro ba. In wani ya ce ka riƙe masa abin da ba ka san asalinsa ba, ka ce hannunka da kaya. In sana'a ta mutu, ka kama wata ko da ta rana ce. In kuma Allah ya sa kun samu tsohon gwani yana wasa, ku je da hannuwanku a sama, ku tsaya har a tashi. Salular na mayar, zaman kaso na yi na gama. Abin da ke cikin yatsun tsohon nan kuwa ba ni da inda zan samo shi in mayar wa mutanen Diffa, kuma ni ma har in mutu ba zan ji shi ba.