Kukan Babur Ɗin Baba

Mahaifina bai taɓa shiga Awe a motar haya ba, kuma yana faɗin haka da alfahari kamar wata sarauta. Yayarsa ce a can, gwaggona, wadda ta tsufa a kan dafa gishiri har hayaƙi ya cinye mata ido. Ba ta ganin fuska, amma tun babur ɗin Baba yana bakin unguwa take cewa a ɗauko tabarma, ƙaninta ya iso. Tsohon babur ne mai tari kamar ɗan taba, ni kam kunyar hawansa nake ji a cikin Lafiya. Ita kuwa ta ce duk garin babu mai irin kukansa.

Wata damina aka aiko cewa jikinta ya ɗan motsa, tana son ganinsa. Ba a ce ciwon ya yi tsanani ba. Da safe Baba ya sayi goro da sabulu, ya ce mu biya wurin bakanikensa a hanyar Akurba a duba ƙafar gaba, don tana ɗan rawa. Ni na raka shi, lokacin ina zaune gida ba aikin fari ba na baƙi.

A ƙasan shokazobar gaba, ƙarfen nan da ke riƙe da taya yana shanye gargada, akwai ƙusoshi masu tiredi da aka dasa cikin ƙarfen, su ake murɗa wa noti su riƙe sandar taya. Bakaniken ya sa sifana, ya ja, ya ƙara ja da ƙarfin da ba a nema ba, sai muka ji ƙas. Ƙusa ɗaya ta karye daga tushe, rabinta ya maƙale a ciki, ba abin da za a kama a murɗo.

Bakaniken ya sosa ƙeya, ya ce: “Baba, ba wahala. Bari a walda shi, yanzu yanzu ka tafi.”

Haka ake yi a garinmu, abin da ya ƙi noti sai a kai shi wurin mai walda a liƙe shi gaba ɗaya. Baba ya ƙi. Ya ce in aka liƙe, taya ba za ta sake fita ba sai da guduma, kuma shi ba zai ɗora ransa kan ɗigon walda a hanyar Awe mai ramuka ba. Gaskiyarsa ce, ban musa ba har yau. Gyaran ƙwarai shi ne a huda guntun da injin huda ƙarfe, a zaro shi, a yanka sabon tiredi, a dasa sabuwar ƙusa. Mai wannan injin mutum ɗaya Baba ya yarda da shi, can bayan kasuwa, shi kuma taransifomar layinsu ta ƙone, janaretonsa ba ya iya jan injin.

Muka shiga zaman jiran wuta. Kullum Baba sai ya je ya zauna kan benci, shokazobar a nannaɗe cikin buhu a cinyarsa, ya dawo da ita yadda ya kai ta. Mahaifiyata ta ce ya hau mota mana, ai motar ba ta cizo. Na ce zan raka shi tasha, mu je mu dawo a yini guda. Ya dube ni kamar na ce ya je da ƙafa ɗaya. Ya ce in ya sauka daga mota ya yi sallama a ƙofa kamar baƙo, Yaya za ta ɗauka wani abu ya same shi, ko ya sayar da babur ɗin. Gobe za a kawo wuta, in ji shi. Na ji haushinsa ƙwarai, na yi ta gunaguni a ɗaki, shi kuwa ko a jikinsa.

Ranar da aka kawo wutar, aikin bai kai tsawon shan shayi ba. Na tsaya ina kallon guntun ƙarfen da ya fito, bai fi gaɓar yatsa ba. Muna ɗaura taya waya ta shigo. Baba ya saurara, ya ce innalillahi a hankali, sannan ya ƙarasa ɗaure notin da hannunsa.

A babur ɗin muka je, ni a baya, goron da ya saya ya bushe a leda. Ƙafar gaba ba ta yi rawa ko sau ɗaya ba. Mun tarar an riga an kai ta.

Da la'asar wata maƙwabciyarta, abokiyar dafa gishirinta, ta zo yi wa Baba gaisuwa. Ba da nufin ta sosa masa ciwo ba, ta ce ai marigayiyar ta wahalar da su. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga hannu a yi shiru, ta kasa kunne, sannan ta ce a mayar da tabarmar, ba shi ba ne.

Da za mu koma Lafiya, Baba bai tayar da babur ɗin a ƙofar gidan ba. Tura shi ya yi har muka fita daga unguwar, ina biye da shi.