Fartanyar Ɗiban Wuta

Jiya maƙerin bayan gidanmu ya ƙona ƙarfe, warin ya mayar da ni unguwar Gumbihini a Tamale, tsakar gidan kakata.

In ka ce fartanya, kai noma kake nufi. A gidanmu kuwa tsohuwar fartanyar kaka ba abin da ba ta yi. Da ita ake kankare bakin kwata, a kanta ake gasa mana gyaɗa, da ƙotarta ake korar akuya, wani lokacin har da ni, don ba na jin magana. Amma babban aikinta a shekarar fari da yunwa, da ashana ta ɓace a Tamale, shi ne ɗaukar wuta. Kaka ba ta bari murhunta ya mutu. Da safe maƙwabta su aiko yara, ta zuba garwashi a kan fartanyar, a kai, a dawo da ita da zafinta.

Cikin masu aikowa akwai wata malamar makaranta, Kirista daga kudu, mai 'ya'ya biyu. Mace ce mai gogaggun kaya da ɗaga kai, ko gishiri ba ta roƙo. Sai muka wayi gari yaranta sun daina zuwa. Ni ban kula ba. Kaka ce ta dubi katangar malama ta ce, "Gidan da ba ya neman wuta, ba abin dafawa."

Ta san in ta aika da tuwo, malama za ta dawo da shi da godiya. Rannan ina kallo ta kwashe garwashi, ta ɗaga fartanya ta sari murhunta na laka, wanda ta gina da hannunta. Na fasa kuka, na zaci ta haukace. Ta ɗora mini tukunya da ɗan garin masara, muka nufi gidan malama.

"Ticha, murhuna ya fashe. Ara mini naki."

Da gurguwar Hausarta malama ta ce, "Ei, Mma, ka shigo, ka dafa. Babu komi."

Da tuwo ya nuna kaka ta raba biyu, ta ce a zango, unguwarmu ta Hausawa, ba a aron murhu a tafi da tukunya cike. Ƙarya ce, ranar aka fara wannan al'ada. Malama ta tsaya tana kallon yaranta suna ci.

Kullum in muka je dafawa sai malama ta tambaya, "Mma, yaushe za ka gyara?" Kaka ta ce laka ba ta da kyau bana. Wallahi na ji haushi, don rabona ya ragu, amma lakar ba ta yi kyau ba sai da sabuwar masara ta shigo.

Yanzu ina da gas, maƙwabtana ma haka. Ina kewar tsohuwar nan ƙwarai. Ba mai zuwa ɗiban wuta a gidana, ni kuma ban san wanda ya kwana bai dafa ba a layinmu.